Allurar Tsayar da Jini da Zuciyar Mai Jego

A ƙasar Birnin Gwari babu abin da dangin mai naƙuda ke tsoro kamar jini, kuma suna da gaskiya. Daga cikin gari har Randagi, Kakangi, Dogon Dawa da Kuyello, da wuya ka shiga unguwar da ba za a nuna maka gida a ce a nan wance ta sauka lafiya, har an fara barka, sai jini ya ɓalle, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Shi ya sa tun ba a gama sauke mace daga babur ba za ka ji uwar miji tana cewa, "Malama, don Allah in ta sauka a yi mata allurar nan ta tsayar da jini." A wurinsu allurar guda ɗaya ce, kuma alheri ce zalla. Shekarun da na yi ina karɓar haihuwa a ƙananan asibitocin wannan yanki sun nuna mini cewa alluran suna da yawa, kuma kowace tana da macen da in aka yi mata, zuciyarta ce za ta ji a jikinta. Wahalar ita ce yadda zan faɗi haka ba tare da na sa mata sun guji abin da ke ceton su ba.

Bari in fara ba allurar haƙƙinta. Idan ciki ya kai wata tara, jinin da ke ratsa mahaifa a minti ɗaya yakan kai rabin lita, har ya ɗara. Da mabiyiya ta rabu da jikin mahaifa, jijiyoyin da ke ciyar da ita suna nan a buɗe, kuma babu abin da zai toshe su sai mahaifar ta dunƙule ta yi tauri ta matse bakinsu. In ta yi laushi, mace tana iya tsiyayewa cikin sa'a biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata miliyan 14 ke gamuwa da irin wannan zubar jini duk shekara, kimanin 70,000 kuma su rasu. A lissafinta na 2020, Najeriya kaɗai ta rasa mata kusan 82,000 a sanadin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya, kuma jini yana sahun gaba. Matanmu da yawa da ƙarancin jini suke shiga naƙuda: ga zazzaɓin cizon sauro, ga gwarne, ga tuwon da ba mahaɗi. Don haka ƙa'idar aiki ita ce duk macen da ta haihu a ba ta maganin matse mahaifa da zarar jariri ya fito. Ban taɓa jayayya da wannan ƙa'ida ba.

Wadda ta sa na fara duban lamarin da kyau mace ce mai haihuwa ta bakwai, daga wata unguwa ta bayan gari. A gida ta haihu, a hannun ungozoma, bayan la'asar. Mabiyiya ta fita, amma jini yana zuwa fiye da yadda tsohuwar ta saba gani, sai ƙanin miji ya ruga ya ɗauko wani yaro mai aiki a kemis. Yaron ya yi mata allura a jijiya. Da aka ga zani bai daina jiƙewa ba, ya ƙara mata wata. Jini ya tsaya cak. Ba a jima ba ta fara kwara amai, ta dafe ƙirji tana cewa ana danne ta, kanta zai tsage. Da aka shigo da ita, hannuwanta da ƙafafunta sun yi sanyi ƙalau, gumi na keto mata. Na taɓa mararta, mahaifa ta yi tauri yadda ake so, ba ko ɗigon jini. Da na ɗaura mata abin awon jini, na sama ya haura 180.

Dangi sun riga sun yanke hukunci tun a hanya. Wasu sun ce jinin da aka tsayar ne ya hau mata kai, wata ta ce iska ce. Na ce da ƙanin mijin, "Malam, kwalbar allurar tana nan?" Allah ya sa yaron ya bar fasassun kwalaben a gefen tabarma, aka koma aka kwaso su. Egometirin ce, guda biyu. Na dubi ƙafafunta da fuskarta, kumburin da ke nan ba na kwana ɗaya ba ne. Uwar mijin ta ce ai ta fi wata a haka, zobenta ma sai da aka yanke, amma awo kam ba ta je ba: "Haihuwa ta bakwai, 'yar nan, me za a koya mata?"

Muka zaunar da ita, muka ba ta maganin sauke hawan jini da allurar hana jijjiga, aka wuce da ita wurin likita. Ta rayu. Daga baya da aka samu kai ta Kaduna aka yi gwaji, aka ce wani sashe na naman zuciyarta ya taɓu. Har na bar wannan asibitin, in ta kawo yaro rigakafi sai ta huta a hanya. Daka da ɗiban ruwa sun koma hannun 'ya'yanta. Ban ga amfanin tsine wa yaron kemis ɗin ba. Abin da ya ga manya na yi shi ya yi, kuma ba mamaki da wannan allurar ya taɓa tsayar da jinin matan da ke nan da ransu yau. Halin maganin ne babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa.

Egometirin tsohuwar allura ce. Asalinta wata baƙar funfuna ce da ke kama zangarniyar wani hatsi na ƙasashen Turai, dangin alkama. Tun da daɗewa ungozomomin can suka gane garinta na tsananta naƙuda, kuma tun da daɗewa aka san cewa waɗanda suka ci burodin da ta gurɓata yatsunsu kan yi baƙi su ruɓe, saboda jijiyoyin jininsu sun tsuke. A 1935 Chassar Moir da Harold Dudley suka ware sinadarin a Landan, ya zama maganin da ya ceci matan da ba su ƙirguwa. Amma halinsa na asali yana nan. Ba ya bambanta naman mahaifa da naman da ke zagaye da jijiyar jini, duka matse su yake. Jijiyoyin jiki su tsuke, jini ya hau. Ƙananan jijiyoyin da ke shayar da ita kanta zuciyar ma su tsuke, kamar a taka tiyo a fadama alhali injin ban-ruwa na aiki: inji na ta ƙugi, shukar da ke gaba ba ta samun komai. Wannan shi ne dannewar ƙirjin da matar ta ji.

Macen da jininta ke daidai takan jure, iyaka ta yi amai ko ciwon kai ya wuce. Wadda jininta ya riga ya hau, ko take dab da jijjiga, ko take da ciwon zuciya, ita ce ke iya samun shanyewar ɓarin jiki, ko ruwa ya cika mata huhu, ko zuciyar ta tsaya. Duk littafin koyon karɓar haihuwa ya faɗi haka. Akan kuma haɗa ta da oksitosin a kwalba ɗaya, irin wadda ake sayarwa da sunan Syntometrine, sai mai allura ya ɗauka oksitosin zalla yake yi alhali akwai rabin miligiram na egometirin a ciki. Ga shi lokacin da ake yin ta shi ne lokacin da zuciya ta fi shan aiki a duk tsawon cikin. Jinin mai ciki yakan ƙaru da kusan rabi, kuma da jariri ya fito mahaifa ta matse, jinin da ke jibge a cikinta sai ya komo wa zuciya a lokaci guda.

Ita oksitosin, wadda ita ce zaɓin farko a ko'ina, matanmu sun fi saninta da ruwan naƙuda. Ba ta matse jijiyoyi yadda egometirin ke yi, don haka ita ake yi wa mai kumburi da mai jijjiga. Nata sharrin ta ɗaya ɓangaren yake. In aka yi yunit 10 a cinya, ko aka zuba a ledar ruwa tana ɗiga, sai ta yi aikinta salin-alin. In kuwa aka zuƙe ta aka banka a jijiya lokaci guda, jijiyoyi sukan saki, jini ya faɗi warwas, zuciya ta kama gudu don ta cike giɓin. Na ga haka da idona tun ina ɗaliba, a ɗakin tiyata na wani babban asibiti: mace tana cikin magana sai ta ce numfashinta na ɗaukewa, bugun zuciyarta ya yi sama a kan na'ura. Mai ƙoshin lafiya ce, bayan 'yan mintoci ta dawo daidai. Wadda ta riga ta zubar da jini, ko ƙofar zuciyarta ta tsuke tun wani ciwon maƙogwaro na ƙuruciya da ba a kula da shi ba, ba ta da wannan rarar. A Birtaniya, rahoton binciken mace-macen masu haihuwa na 1997 zuwa 1999 ya kawo mata biyu da suka rasu bayan an tura musu yunit 10 a jijiya lokaci guda. Daga nan aka ja kunnen likitocinsu: yunit 5, kuma a hankali.

Me ke sa ma'aikaci ya banka, har ya ninka? Ba mugunta ba ce, kuma ba kullum ne jahilci ba. Oksitosin sanyi take so, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Kafin ta iso hannunmu ta kwana a shagon kasuwa, ta sha tafiya a bayan mota, ta zauna a kantar shago cikin zafin Maris da Afrilu, a yankin da wutar lantarki baƙuwa ce. Wani bincike da aka yi tare da hukumar NAFDAC, aka wallafa a 2018, ya gwada kwalaben da aka tattaro daga sassan Najeriya, kusan kashi 74 cikin 100 na oksitosin ɗin suka faɗi gwajin. To ma'aikaciyar da ta yi kwalba ɗaya ta ga mahaifa ko gezau, gobe biyu za ta fasa, jibi uku, kuma a jijiya, ko ta ce ita dai egometirin ce ta yarda da ita. Hannu ya saba da haka. Ranar da aka yi sa'a kwalaben suka zo da ƙarfinsu, ranar ce mai jego za ta karɓi ninki uku na abin da ya kamata. A ganina, kaso mai tsoka na illar da waɗannan allurai ke yi wa zuciya a yankinmu daga firji yake farawa. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a riƙa ajiye oksitosin a firjin alluran rigakafin yara, wanda sau da yawa shi kaɗai ne mai sola a asibitin karkara. Amma za ka tarar da wurin da makullin firjin ke aljihun mai rigakafi, shi kuma ya tashi tun azahar, haihuwa kuwa dare ta fi so.

Sai kuma ƙarin ruwa, wanda mutanenmu ke ɗauka shi ne alamar an kula da maras lafiya. Oksitosin mai yawa tana hana ƙoda sakin fitsari. In aka jera leda bayan leda ga macen da zuciyarta ba ta da ƙarfi, a huhu ruwan zai taru. Sai ka ga ta tashi zaune tana tari, kumfa na fitowa, dangi kuma suna roƙon a ƙara wata ledar don ta galabaita.

Duk wannan da da sauƙi in da zukatan matanmu lafiya lau suke shiga ɗakin haihuwa. Amma wannan ɓangare na ƙasar Hausa ya yi suna a duniyar likitanci da wani ciwo na masu jego. A shekarun 1970, Neil Davidson da Eldryd Parry na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun bi diddigin mata fiye da 200 waɗanda zuciyarsu ta gaza a ƙarshen ciki ko cikin watannin jego: naman zuciyar ya saki, ta buɗe, ta kasa tura jini. An ƙiyasta abin yana samun kusan mace ɗaya cikin ɗari, adadin da ba a saba ganin irinsa a wasu ƙasashe ba, kuma binciken da aka yi daga baya a Sakkwato da Kano ya samu kusan haka. Su Parry sun zargi wankan jego, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero, wanda ya jagoranci tattara bayanan masu wannan ciwo daga asibitocin Najeriya, ya samu cewa talauci, rama da hawan jinin ciki sun fi wankan alaƙa da ciwon, ya kuma nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jikin da yawa daga cikinsu. Ban isa in raba gardamar malamai ba. Abin da na sani shi ne kanwa dangin gishiri ce, gishiri kuwa ruwa yake tarawa a jiki, don haka mai jegon da ƙafarta ta kumbura nakan ce a dakatar mata da kunun kanwa. A nan muke kai ruwa rana da kakanni, domin su a wurinsu sanyi ne ya shige ta, maganinsa a ƙara wuta a ƙara kanwa.

Macen da ta yi wannan ciwo a haihuwar baya, ta ɗan samu sauƙi, ta sake ɗaukar ciki, ita ta fi kowa shiga haɗari a hannun mai allura. Ba ta da takarda, ba ta san sunan abin da ya same ta ba. In ka ce, "Kina da ciwon zuciya?" a'a za ta ce. Sai dai a bi ta wata hanyar. "A haihuwarki ta baya, kin yi kumburi da haki bayan suna? Yanzu kina iya kwanciya a miƙe, ko sai kin jingina da bango? Tari na tashinki da tsakar dare? In kin ɗebo ruwa, sai kin sauke jarka kin huta kafin gida?" Wadda ta amsa ɗaya daga ciki da e, ko wadda awon jininta ya kai 140 a kan 90, nakan ja jan biro a saman katinta in rubuta da manyan baƙaƙe cewa ba a yi mata egometirin, ba a kuma tura mata komai a jijiya da sauri. Sannan in faɗa mata da baki, in faɗa wa wanda ya rako ta, domin kati yakan ɓace, kuma ba lalle a hannuna za ta haihu ba.

A Birnin Gwari wannan ba ƙaramar magana ba ce. Littafi ya ce in abu ya fi ƙarfinka ka tura gaba. Gaba a wurinmu ita ce babban asibitin cikin gari, in ya fi ƙarfinsa sai Kaduna, kilomita ɗari da 'yan kai ta Udawa da Buruku, ko Zariya ta Funtuwa. Shekaru aka yi waɗannan hanyoyi suna hannun 'yan bindigar da suka yi sansani a dazukan Kamuku da Kuyambana. A lokacin, direba ba ya tashi sai da rakiyar jami'an tsaro, da yamma kuwa ko nawa za ka ba shi ba zai tashi ba. Ƙananan asibitocin ƙauyuka da dama suka zama kango, ma'aikata suka tattara suka dawo gari. A ƙarshen Satumbar 2021 aka katse layukan waya, aka hana hawa babur, don a matsa wa mutanen daji, aka yi kusan wata biyu ba kira. A irin wannan lokaci mace ko tana son asibiti babu hali, kuma duk wanda ya iya riƙe sirinji a ƙauye shi ne likita. Jini in ya ɓalle ana iya tsayar da shi a ƙauye, da murza mara da ƙwaya da allura. Zuciya in ta taɓu sai iskar oksijin, sai na'urar gwaji, sai likitan da ke can bayan dajin. Tun bayan sulhun da aka yi da 'yan bindigar a ƙarshen 2024, da aka sake buɗe kasuwar shanu motoci suka dawo hanya, an samu sauƙi, amma nisan yana nan yadda yake.

Bayan abin da ya sami mai haihuwa ta bakwai ɗin nan, labari ya zaga unguwa cewa allurar bayan haihuwa na kashe zuciya. Aka fara samun matan da in sun ga an fasa kwalba sai su janye ƙafa. Wata yarinya mai haihuwar fari, wadda ta zo goyon ciki gidan iyayenta, goggonta ta tsaya a kaina ta ce, "Malama, ba da mu ba. Mu da muka haifi goma ba allura fa?" Na ce, "Goggo, wadda aka yi wa waccan daban, wannan daban. Na auna jinin 'yarki a gabanki, lafiya lau yake, kuma a cinya zan yi mata. In kika hana, jini ya ɓalle da daren nan, ko leda ɗaya ta ƙarin jini ba mu da ita." Ta yi shiru, can ta ce, "To, Allah ya sa a dace." Wannan tsoron ya fi damuna fiye da gangancin masu allura, domin gudun gara ne a faɗa gidan zago. Matan da allura ta taɓa wa zuciya a duk aikina ina iya tuna fuskar kowace. Waɗanda jini ya kashe sun fi ƙarfin a tuna su ɗaya-ɗaya.

An ci sa'a zaɓi ya ƙaru. Misofurostol, wadda muke kira miso, ƙwaya ce, ba ruwanta da firji ko sirinji, kuma ana ba mai hawan jini. Najeriya ce ƙasa ta farko da ta yi mata rajista don zubar jinin haihuwa, a 2006, kuma a 2009 masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello suka raba ta ga masu haihuwa a gida a wasu ƙauyuka na kewayen Zariya, aka ga abin yana yiwuwa. Ƙwaya uku ake haɗiya bayan jariri ya fito, bayan an tabbatar babu wani a ciki. Takan sa rawar ɗari da zazzaɓi, abin da ke firgita dangi amma yakan wuce. Haɗarinta yana hannun masu ba da ita barkatai tun jariri na ciki don a hanzarta naƙuda, su fasa mahaifa. Akwai kabetosin mai jure zafi, wadda aka gwada a kan mata kusan 30,000 a ƙasashe goma har da Najeriya. 'Yar gidan oksitosin ce, ita ma ba a yi mata garaje. Akwai kuma tiranekzamik, wadda ba ta taɓa mahaifa, gudan jinin da ya daskare take hana narkewa. Gwajin da aka wallafa a 2017 a kan mata 20,000 ya nuna in an yi ta cikin sa'a uku tana rage mutuwar zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a ga ta ƙara toshewar jijiya ba.

Amma abin da ya fi burge ni leda ce. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin wani bincike da aka yi a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, aka wallafa a 2023. Ana shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai aljihu da ma'auni, jinin ya taru a ciki, kowa na ganin layin da ya kai. Da ya kai layin sai a haɗa murza mara, oksitosin, tiranekzamik da ƙarin ruwa a lokaci ɗaya, ba jiran wannan ya gaza kafin a gwada wancan. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta suka ragu da kashi 60 cikin 100. Ba don zuciya aka yi binciken ba, amma ni ta nan nake kallonsa. Mai duban zani da tsumma ƙiyasi yake yi, mai ƙiyasi kuwa ko ya makara ko ya firgita, kuma firgita ce ke sa a fasa kwalba ta biyu da ta uku ba tare da an auna jinin kowa ba.

Yaran kemis da masu allurar gida-gida ba za su daina ba, tun da babu mai maye gurbinsu a ƙauyen da ba ma'aikaci. Ba na yi musu faɗa. In na samu zama da ɗaya nakan ce masa in ba shi da abin awon jini, kada ya ajiye egometirin a shagonsa, miso ta ishe shi, kuma ya bar neman jijiya. In ya yi wa mace wani abu, ya ba danginta kwalbar ko kwalin su taho da shi. Wasu suna ji. Akwai wanda ya sayi abin awo mai batir, har ya koma turo mana masu kumburi tun ciki na wata bakwai.

Inda har yau ban kama bakin zaren ba shi ne bayan an sallami mace. Wadda zuciyarta ta taɓu tana bukatar shan magani na watanni, da hoton zuciya a Kaduna ko Zariya, kuma likitoci sun haɗu a kan cewa in zuciyar ba ta koma daidai ba, wani cikin na iya zama ajalinta. Wannan magana da miji ake yin ta. Nakan sa a kira shi in ce, "Malam, matarka ta tsallake, amma zuciyarta ba ta warke ba. Tana bukatar hutu kafin wani cikin, kuma akwai hanyoyin tazara da ba za su cutar da ita ba." Wani ya ce to, har ya tambayi ranar komawa Kaduna. Wani ya ce zai yi shawara da mahaifiyarsa. Wani kuma ya ce haihuwa ta Allah ce, in ce haka ne, lafiyarta ma amana ce a hannunsa. Cikin na ƙarshen nan akwai waɗanda ba na sake ganin matansu sai wani cikin ya tsufa, ƙafa ta kumbura, tsohon katin kuma an baro shi a ƙauyen da aka yi gudun hijira daga cikinsa. Sai mu buɗe sabo, mu ɗauko tambayoyin daga farko.